Sagiru Danna-Ɗaya da Takwarar Goggo

Duk wanda ya taɓa zama da Sagiru na minti goma ya san cewa Fesbuk daban, Tiktok daban. Ba sai ka tambaye shi ba. Ko a zaman makoki kuka haɗu, kafin a shafa fatiha ta biyu ya riga ya karkato ya raɗa maka cewa mutanen Instagiram hoto suke so, na Fesbuk dogon rubutu, 'yan Tiktok kuwa in ba ka kama su a daƙiƙa uku ba sun yi gaba. Jami'in yaɗa labarai ne a wata hukuma, kuma abin da ya fi alfahari da shi a duniya wata manhaja ce da ya ɗaure duk shafukansa da ita. Sai ya shirya wa kowane dandali irin nasa saƙon ya ajiye, da zarar na Watsaf ya tashi, sauran huɗun su bi bayansa kamar 'yan agwagi. Shi ya sa abokan aiki suke kiransa Danna-Ɗaya, shi kuma yana amsawa da jin daɗi, ya ɗauka yabo ne.

Ranar wata Alhamis matarsa Tayyiba ta sauka a gidan iyayenta, aka samu mace. Haihuwar fari ce. Sunan da za a sa kuwa tun cikin yana wata biyar Sagiru ya yanke shi a ransa: Sailuba.

Sailuba ita ce Goggo, yayar mahaifinsa, wadda ta ɗauke shi yana shekara huɗu lokacin da uwarsa ta rasu. A babban gidansu na Ƙofar Gayan take, tana ɗinkin hannu na manyan riguna, kuma da allurar nan ta kai shi har jami'a. Aure biyu ta yi, Allah bai ba ta haihuwa ba. A gaban idonta aka haifi 'ya'ya mata goma sha tara a zuriyar gidan, ba a mayar da ita ko sau ɗaya ba. Wai Sailuba sunan tsofaffi ne. Aka yi ta Umaima da ire-irenta, Goggo tana dama kunun mai jego tana cewa Allah ya raya. Ba ta taɓa buɗe baki ta yi ƙorafi ba, amma Sagiru ya san tana lissafi, don ya taɓa jin ta tana jero sunayen yaran nan ita kaɗai a kan ɗinki. Abin ya daɗe yana masa ciwo.

Tayyiba ta yarda, da sharaɗin a riƙa kiran yarinya Ummi, don ba wanda ya isa ya tsaya a tsakar gida yana kwaɗa sunan Goggo wai yana kiran 'yarsa.

A gidansu akwai yadda ake yin abin nan, kuma Sagiru ya sani sarai. Wanda za a yi wa takwara shi ake fara gaya wa. Ana gobe suna uban jariri zai je da kansa, da goro a hannu, ya durƙusa ya faɗa. Daga nan a ja baki a yi shiru har sai an raɗa suna a zaure da safe. Don haka ya tsara komai: Laraba da la'asar ya je wurin Goggo, Alhamis bayan an shafa fatiha ya danna sau ɗaya duniya ta ji.

Kwana uku ya yi yana aikin sanarwar. Na Fesbuk ya yi shi da sallama da salati da dogon tarihin Goggo, don ya san can ne tsofaffin 'yan boko suke kiwo. Na Instagiram hoton tafin ƙafar jaririya ne a kan farin tawul. Na Tuwita layi biyu. Na Tiktok shi ya fi cin ransa: ƙafar tana juyawa a hankali, ga kiɗa mai sanyi, sai sunan ya fito da manyan haruffa ruwan zinare yana walƙiya, SAILUBA.

Aiki ya yi kyau, kuma matsalar Sagiru ita ce ba ya iya yin abu mai kyau ya haƙura ba a yaba masa ba. Ranar Talata da safe, yana bakin ƙofar ɗakin taro inda zai koyar da ƙananan ma'aikata dabarun yaɗa saƙo, ya ce bari dai Tayyiba ta gani. Ya ɗora a sitatus ɗin Watsaf, ya toshe kowa da kowa, ya bar ta ita kaɗai. Ya sa wayar a silen, ya jefa aljihu, ya gyara hula ya shiga.

'Yan agwagin kuwa ba ruwansu da wa aka toshe. Uwarsu ta tashi, suka bi ta.

Awa uku Sagiru ya yi yana zuba. "Kafin ka danna," in ji shi, yana kaɗa yatsa a gaban mutum talatin, "tambayi kanka, wa ya kamata ya fara ji? Wannan shi ne sirrin aikin gaba ɗaya." Aka tafa masa. Wata baiwar Allah a layin baya ta ɗaga hannu, ya ɗauka tambaya ce, sai ta ce, "Yallaɓai, Allah ya raya Sailuba."

Sai da ya dafa tebur. Ya zaro waya: kiran Tayyiba goma sha huɗu, mutum dubu huɗu da ɗoriya sun kalli Tiktok, Fesbuk ya cika da Masha Allah. Ya bi su ɗaya bayan ɗaya yana gogewa, amma tuni an ɗauki hoton an watsa a zauren zumuncin gidansu na Watsaf, inda ko kazar wani ta ɓata sai an tattauna. A ƙarƙashin komai ga saƙo guda daga Malam Abubakar, ƙanin mahaifinsa da suke kira Baba Malam, limamin unguwa, wanda shi zai raɗa sunan: "Ka same ni a zaure."

Ya tarar da Baba Malam a kan buzu, tabarau a karan hanci, ga waya kusa da carbi.

"Danna-Ɗaya," in ji shi. "Ashe da gaske ne. Zauna."

"Baba, wallahi kuskure ne. Tayyiba kaɗai na..."

"'Yar fari. Mu a zamaninmu ko ɗaukar ɗan fari ba ma yi a gaban mutane, kai ka baje ƙafar taka a kasuwa ana mata kiɗa. Wannan ma na bar ka da shi. Ka san a ina Yaya Sailuba ta ji?"

Sagiru ya girgiza kai.

"A cinyar Radiya mai kitso. An raba kai biyu, an kitse ɓari ɗaya, Radiya ta ce, Goggo barka da arziki, ashe takwara aka yi miki. Ta kara mata waya a fuska. Ta ce mata ma mutum dubu biyu sun riga sun gani, wai don ta ji daɗi. Yaya ta tashi da rabin kitso, ta ɗaura ɗankwali, ta hau Keke sai Kufena, gidan Umma. Ta bar mini saƙo." Umma ita ce autarsu Goggo. Baba Malam ya cire tabarau ya goge. "Ta ce in na raɗa sunanta ranar Alhamis ba ta yafe ba. Ta ce a sa wa yarinya Tiktok."

Abu ɗaya Sagiru ya so ya ba matar nan a rayuwarsa, ga shi ya mayar da shi abin da za ta tuna da baƙin ciki. Amma hali zanen da ba ya wankuwa da ruwa ɗaya, sai ya ji bakinsa yana cewa, "Baba, ko in yi bidiyon ban haƙuri? Gajere a Tiktok, cikakke a Fesbuk, sai..."

Baba Malam ya miƙa hannu wajen takalminsa. Sagiru ya haɗiye sauran maganar.

"Ni kaina ka sa na yi abin kunya," in ji tsohon, ya rage murya. "Ina bitar shafin Fesbuk bayan walaha na gani, na danna jan zuciyar nan, har na rubuta Allah ya raya, kafin hankalina ya dawo. Nuna mini yadda ake gogewa, sannan ka tashi ka tafi Kufena."

Ya tafi. Umma ta tare shi a soro, ta ce Goggo ba ta nan. Daga cikin ɗaki wata murya da ya sani tun yana fitsarin kwance ta ce, "Ƙara gaya masa ba na nan, kunnensa ba ya ji sai an sa kiɗa."

Ya durƙusa nan a soro ya fi rabin awa. Umma ta yi ta shiga da fita. Can ta dawo da hukunci.

"Ta ce tun da ka mayar da ita ta ƙarshe, to ta zama ta ƙarshen da hujja. Gobe ka ɗauki goro ka bi gidajen dangi kaf, da ƙafarka, ka gayyaci kowa suna baki da baki. Ba waya, ba aike. In ka gama ka zo, ta ga ko tana nan."

"Umma, gida nawa ke nan?"

"Ashirin da uku," aka amsa daga ɗaki.

Laraba da sassafe Sagiru ya sayi ƙwarya biyu ta goro da ledar alawa, ya ajiye mashin ɗinsa a bakin Ƙofar Gayan, ya kutsa lunguna. Ya shirya wa shan tsiya. Ya san mutanen nan, ya san duk sun gani, ya ga sunayensu a ƙarƙashin hoton da idonsa.

Gidan farko na Alhaji Bala ne, ɗan'uwan mahaifinsa mai sayar da yadi, wanda jiya ya rubuta "Allah ya raya mana Hajiya Sailuba ƙarama" da furanni guda shida. Sagiru ya gaishe shi, ya ajiye goro, ya ce gobe suna in Allah ya kai mu.

"Allahu akbar," in ji Alhaji Bala, fuska ba ko alamar dariya. "Har kwana bakwai sun zagayo? To madalla. Ko wa za a mayar, oho. Gobe dai ma ji a bakin Malam."

Sagiru ya ɗago ya dube shi. Alhaji Bala ya dubi goro, yana juya shi kamar bai taɓa ganin irinsa ba.

Haka gida na biyu, haka na uku. Matar da ta tura hoton zauren zumunci da hannunta ta riƙe haɓa tana cewa ita fa ta ƙagu ta ji sunan, Allah dai ya sa ba irin na zamanin nan ba ne mai wuyar faɗa. Sai a gida na bakwai wata ta tausaya masa ta gaya masa abin da ya faru. Jiya da yamma Goggo ta kira Radiya mai kitso da 'yar ƙaramar wayarta mai tocila, ta faɗi magana ɗaya: ita ba ta ji komai ba, kuma duk wanda ya ji abin da ita ba ta ji ba, kada ya ƙara taka ɗakinta. Kafin magariba maganar ta shiga gida ashirin da uku, har da na can unguwar Tukur-Tukur, ba wanda aka tsallake, ba kuma bare ɗaya da ya ji. Sagiru ya tsaya a lungu da ledar goro yana jinjina abin. Shekara shida yana wannan aiki bai taɓa samun saƙon da ya isa haka ba.

Rabon bai zo da sauƙi ba. Wani tsohon sai ka yi masa ihu a kunnen hagu. Wata gwaggon in ka kawo maganar suna kafin ka tambayi ƙafarta da awakinta da jikokinta ɗaya-ɗaya, ka yi rashin tarbiyya. Malam Sharfaddeen, mai karantar da littattafai a zaurensa, sai da ya tsare shi ya ja masa babi guda a kan haƙƙin wadda ta yi reno, ɗalibai suna sunkuyar da kai suna murmushi, don su ma duk sun gani. An ba shi kunu a gida tara, kuma ba a ƙin kunun dangi. Da la'asar sakaliya takalminsa na ofis ya yi masa kanta biyu, cikinsa yana ƙugi in ya taka, goro ya rage guda biyar.

Da waɗannan biyar ɗin ya isa Kufena, rana ta yi ja a bayan dutse. Wannan karon Umma ta ɗaga masa labule ya shiga.

Goggo tana zaune a bakin gado, da wuyan wata riga a cinya, allura a hannu, ba ta ɗinkin. Ɗankwalin ya ɗan zame, ya hango rabin kan a kitse, rabi a tsefe. Ya durƙusa ya gaishe ta. Ta amsa kamar baƙon da ya zo tambayar hanya.

"Me ke tafe da kai?"

Ya ajiye goron a gabanta. "Goggo, gobe suna."

"Na sani, da ni aka yanke cibi. Sai me?"

"Na zo ne in gaya miki wadda za a mayar."

"To, ina ji. Wa?"

Ya buɗe baki. Sunan nan ya rubuta shi da manyan baƙaƙe, ya zaɓa masa launi, ya sa shi walƙiya, ya maimaita shi a dandali biyar. Amma shekararsa talatin da uku bai taɓa furta shi da harshensa ba, ko a bayan idonta, balle ga ta zaune tana kallonsa. Ya ji harshen ya yi masa nauyi, ya kasa ɗaga shi.

"Ke ce, Goggo."

"Ni wa? Ba ni da suna? Faɗa mana. Ka faɗa wa mutum dubu huɗu, ni kaɗai ce za ta gagare ka?"

Ya sake gwadawa, ya kasa. Sai hawaye, babban mutum da gemu, jami'in gwamnati, yana share hanci da hannun riga.

Goggo ta daɗe tana kallonsa. "Ashe bakin da sauran kunya," ta ce. "Ɗan yatsan ne ba a yi wa tarbiyya ba."

Ta soke allurar a jikin rigar ta ajiye gefe. Da ta sake magana muryar ta sauka.

"Sagiru, shekara arba'in ina jiran wani ya shigo ɗakina da goro ya durƙusa ya ce Goggo ke ce. Har na san abin da zan ce masa, na shirya shi tun kafin a haife ka. Duk haihuwar da aka yi a gidan nan, ana gobe suna ba na zuwa ko'ina, ina zaune a ɗaki, wai ko za a zo. Sau goma sha tara. Rannan da abin ya zo, sai ya same ni kaina a cinyar Radiya, tana taunar cingam."

Bai ce a yi haƙuri ba, don ya ga kalmar ta yi ƙanƙanta. Ya sunkuyar da kai kawai.

"Me kika shirya za ki ce?" Umma ce ta tambaya daga bakin ƙofa.

"Na manta," in ji Goggo, ta share ido da gefen zani. "Wannan ja'irin ya ɓatar mini da shi." Ta ɗauki goro ɗaya, ta ɓare, ta jefa ɓari a baki, ta ba shi ɗaya ɓarin ya sa a aljihu. Sannan ta miƙa masa tafin hannu. "Kawo ta."

"Me, Goggo?"

"Uwar gayyar."

Ya zaro wayar ya ɗora mata. Ta juya ta gaba da baya, ta ƙulle ta a bakin zani tare da sauran goron huɗu. "Sai an watse taro. Umma, kira mini Radiya ta zo ta ƙarasa kan nan, ba zan je sunan takwarata kamar mahaukaciya ba."

Alhamis bayan sallar asuba zauren Ƙofar Gayan ya cika har waje. Aka raba goro da dabino. Baba Malam ya yi huɗuba, ya yi addu'a, sannan ya yi gyaran murya ya ce sunan yarinya Sailuba. Zaure ya ɗauka da kabbara. Alhaji Bala ya dafe ƙirji ya ce wallahi bai taɓa kawowa a ransa ba. Malam Sharfaddeen ya ce kai, wannan yaro ya iya riƙe sirri. Sanƙira mai shela ya tsaya a bakin soro ya ɗaga murya don mata su ji a cikin gida, ya faɗa sau uku.

Sai guɗa ta tashi daga tsakar gida, ba irin ta 'yan matan nan masu dogon numfashi ba. Tsohuwar murya ce, ta fara ta karye, ta tsaya ta yi tari, ta sake ɗauka. Tun da Sagiru yake bai taɓa jin Goggo ta yi guɗa ba, ko ranar aurensa.

Hannunsa ya tafi aljihu da kansa don ya ɗauka. Ba komai a ciki sai ɓarin goro. Ya bar hannun a nan, ya tsaya yana saurare har ta gama.